Layi ɗaya ka taɓa, Git ya ce duk fayil ɗin ya canza

Jiya da yamma ka ce mini layi ɗaya kacal ka gyara, amma da ka buga git diff, umarnin da ke nuna abin da ya canza a fayil, sai allo ya cika da ja da kore tun daga sama har ƙasa, kamar ka sake rubuta fayil ɗin. Yarona, kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba.

Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen fayilolinmu, bai san ma'anar abin da ka rubuta ba, layi yake jerawa da layi ya gwada. Jan layi mai alamar - shi ne tsohon, koren mai alamar + shi ne sabon. Ko ɗigo ɗaya ya bambanta, a wurinsa layin ya canza. To, a ƙarshen kowane layi akwai alamar da ido ba ya gani. Linux guda ɗaya take sawa, LF, ita kuwa Windows biyu, CR da LF. Fayil ɗin a Linux aka rubuta shi, kai kuma ka buɗe a Windows, da ka adana sai manhajarka ta liƙa wa kowane layi CR. Buga git diff --ignore-space-at-eol, za ka ga layinka ɗaya tilo zaune a tsakiya, da layi uku sama, uku ƙasa, don ka gane inda kake. Sai dai wannan ɓoyewa ce kawai. Gyaran shi ne ka mayar da core.autocrlf, saitin Git mai kula da alamar ƙarshen layi, ya zama true a kwamfutarka.

Abin da ya faranta mini rai shi ne ka tsaya ka duba kafin ka tura. Da ka tura haka, duk mai bitar aikinka sai ya yi ta laluben allura cikin ruwa, kuma gobe idan aka buga git blame, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, sunanka ne zai fito a kan layukan da ba kai ka rubuta ba.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sana'a ban yarda da kiyasin ido ba. A Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa saboda layi ɗaya da aka maimaita, goto fail. Sau biyu a jere. Na biyun ya sa ana tsallake tantance sa hannun sabar, wato shaidar da ke tabbatar da cewa shafin na gaskiya ne, har mai kutse zai iya shiga tsakanin wayar iPhone da shafin da take magana da shi. Layi ne da bai kai tsawon yatsa ba. Ni kaina na taɓa tura kalmar sirri cikin fayil saboda gaggawa, na kwana ina canza makullai.

Shi ya sa nake fara buga git diff --stat in ga fayil nawa na taɓa. In na ga wanda ban tuna na buɗe ba, nan nake tsayawa. Ka kuma kiyaye: da zarar ka yi git add, wato ka ware canjin don a ajiye shi a tarihi, git diff zai yi shiru, ba don babu canji ba. Sai ka ce git diff --staged, shi ne zai nuna maka ainihin abin da zai shiga tarihin. Shi nake bi layi-layi da yatsa a kan allo, jajayen ma ina karantawa, don abin da aka goge ya fi saurin kuɓuce wa mutum.

Je ka gyara saitin, bayan la'asar ka kawo kwamfutar mu bi layinka tare.