Sola ko injin iska don shago a ƙauye?

Ka ce kana da shago a ƙauye, firij ɗaya da fanka da cajin waya, kuma kana tambaya ko sola za ka saka ko injin iska, wato mai samar da wutar lantarki daga iska. Malam ka sa sola kawai. Rana a arewa kusan kullum tana nan, za ka samu awa biyar zuwa shida mai ƙarfi, kuma fanel, wato farantin sola, ba shi da wani abu mai juyawa da zai lalace, in ya samu matsala ma masu gyara sun cika kasuwa. Ita iska ba ta da tabbas, kuma lissafinta akwai wuya, in gudunta ya ragu da rabi wutar da za ka samu sai ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Shi ya sa manyan injinan iska irin na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ake kafa su a kan dogayen ƙarafa a fili, ba a saman kwanon shago tsakanin gidaje da bishiyoyi ba.

Amma da sharaɗi biyu, ni shekara uku ina amfani da sola kuma abin da ya fi ba ni wahala batir ne da ƙura. Kar ka yi rowa wajen batir don Allah, na farko da na saya mai araha bai kai shekara ba ya mutu, kuma lokacin hunturu ka riƙa wanke fanel ɗin da sassafe ko sau biyu a sati, in ba haka ba firij ɗin zai riƙa ɗaukewa tun kafin isha'i.