Wakena ya zama gari bara, in sa masa magani bana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Zariya. Shekara uku ke nan da na sayi 'yar gona a hanyar Giwa, ba ta kai eka biyu ba. Don abin kaiwa baki na saye ta, da kuma sha'awar noma da nake da ita tun ina yarinya. Ina shuka masara da wake da gyaɗa, a gida kuma akwai awaki huɗu da 'yan kaji. Asabar da Lahadi kaɗai nake samun zuwa. Yanzu kaka ta yi, aiki ya tarar mini, na rasa wanda zan fara. Abin da ya fi hana ni barci shi ne wake. Bara buhu biyu na samu, kafin Fabrairu ƙwari sun mayar da shi gari. Wani mai sayar da magani ya ce in yayyafa masa Sniper ko in jefa ƙwaya a kowane buhu, wai kowa haka yake yi, in an wanke shi ke nan. Ina da yara ƙanana uku, ɗakin ajiyar kuma manne yake da nasu. Hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Daga wata malama, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Rashin kwanciyar hankalin nan naki shi ne daidai, ki riƙe shi. Kada ki yayyafa, kada ki jefa ƙwaya. Zan zo kan dalili, amma bari mu fara sallamar maganar tsarin aiki, don ba ta da tsawo.

Mai zuwa gona kwana biyu a mako da roron wake yake farawa. Wake ba ya jira. In ya bushe a jikin uwa sai ya fashe ya zube, kuma tun a gona ƙwaron yake saka ƙwai a jikin kwanso. Duk Asabar ki roro wanda ya nuna, kada ki ce sai ya bushe gaba ɗaya. Sai gyaɗa, ki cire ta kafin ƙasa ta ƙanƙame, in ba haka ba rabinta a ƙasa za ta tsaya. Masara ita ce mai haƙuri a cikinsu, tana iya ƙara mako ɗaya ko biyu a tsaye, amma in kin karya kada ta taɓa ƙasa, a kan tamfol za a shanya. Masara da gyaɗar da aka tara da laima su ne ke kama funfuna mai dafin aflatoksin, wanda ke lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. Harawa ki yanke ta da sauran kore a ganyenta, ki ɗaure ki ɗora a kan rumfa inda inuwa take, ita ce abincin awakinki har zuwa bazara. Kara kada a ƙone shi. Ki sa a share gefen gonar kewaye saboda wutar daji. Kaji kuma a ɗiga musu rigakafin cutar Newcastle yanzu, kafin hunturu ya kankama, don a sanyin nan cutar ke share akurki. Shi ke nan wannan.

Yanzu maganar wake, kuma ki yi haƙuri zan ja ta, don ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya duk shekara.

Sniper da fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalba, sinadarin da ke aiki a cikinsu daikulobos ne, wanda ake rubutawa DDVP. Yadda yake kashe ƙwaro shi ne ya toshe wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata don su huta bayan sun aika saƙo. To irin wannan sinadarin na jijiyoyi akwai shi a jikin ɗanki. Wanda ya shaƙa ko ya ci da yawa za ki ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar bakin allura, ga amai da gudawa, ƙirji na kurari, numfashi na sarƙewa. Yaro kuwa jikinsa ƙarami ne, abin da babba zai ji a matsayin ciwon kai shi yana iya kwantar da shi. Ba a yi maganin nan don a zuba a kan abinci ba.

“In an wanke shi ke nan.” Wannan magana na ji ta har na gaji. Gaskiya ne wanki da shanya da tafasa suna rage wani abu. Amma nawa aka zuba tun farko? Nawa ya rage? Mai maganin da murfin kwalba yake awo, wani ma da ido, ya feshe waken ya gauraya da shebur ya ɗinke buhu. Ke kuma a madafa ba ki da ma'aunin da zai gaya miki ko ya fita. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an samu waken da ya kai 4.6, wato ninki ɗari huɗu da sittin. Wanda aka tace aka zaɓa don fitarwa waje ke nan. To ina ga wanda ake aunawa da mudu a bakin titi? A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a ƙananan kwalabe da kasa shi a kasuwa barkatai, amma ki zaga kasuwar ƙauye ranar ci, za ki same shi a kan tabarma kusa da gishiri da magi. Wanda ke sayarwa bai taɓa karanta takardar jikin kwalbar ba, wani ma ba ya iya karanta ta, amma shi ne likitan da jama'a ke tambaya.

Ƙwayar da ya ce ki jefa ta fi wancan tsoratar da ni. Wannan ƙwaya mai ruwan toka, irin su Phostoxin, da zarar ta haɗu da laimar iska sai ta fara fitar da iskar guba mai suna fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram uku tana fitar da giram ɗaya na wannan iska. An yi ta ne don ma'aikatan da aka horar su turara hatsi a rufaffen sito, nesa da inda mutane ke kwana, a toshe ko'ina kwana biyar zuwa bakwai, sannan a buɗe ya sha iska, a kwashe tokar a binne. Buhun saƙa ba ya riƙe iska ko kaɗan. Kin ga ke nan hasara biyu: iskar ta fice kafin ta kashe tsutsar da ke cikin ƙwayar waken, sannan ta bi ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango da saman silin ta shiga ɗakin da ke kusa. Ɗakin da ke kusa a gidanki na yara ne. Kuma fosfin ba shi da makari. Mai guban daikulobos in an kai shi asibiti da wuri akwai allurar atrofin da ake yi masa. Wanda ya shaƙi fosfin sai dai a tallafi numfashinsa da zuciyarsa a yi ta addu'a.

Wata kaka na shiga wani gida duba rumbu, sai maigidan ya ja ni ɗaki don ya nuna mini irin kular da ya yi. Buhuna shida ne jere a jikin bango, kowanne an cusa masa ƙwaya naɗe a tsumma. Tun daga bakin ƙofa wari ya buge ni, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. A gaban buhunan ga tabarma shimfiɗe, ga ƙaramin filo, ga takalmin yarinya ƙafa ɗaya. Na ce wa ke kwana a nan? Ya ce yara ne da kakarsu, kuma kwana biyu ke nan tsohuwar tana kukan ciwon kai da tashin zuciya, sun ɗauka zazzaɓi ne. Ban bar gidan ba sai da muka fitar da buhunan bayan gida, aka buɗe tagogi, aka tafi da su asibiti. Mutumin kirki ne mai son iyalinsa, abin da aka gaya masa a kasuwa ya yi. Gudun gara ya kusa jefa shi gidan zago.

Tunda muna kan wannan, in Allah ya kiyaye wani ya sha ko ya shaƙa, a daina ɗura masa manja da madara. Ba sa karya guba. Mai fama da numfashi in aka ɗura masa abu sai ya bi ta huhu, a ƙara masa wata cutar. Kada a sa shi amai da ƙarfi. A fitar da shi iska, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar ko gwangwanin a hannu don likita ya san abin da yake yaƙa.

To me za ki yi da wakenki? Ƙwaron nan numfashi yake yi kamar kowa, sai a hana shi iska. Macen tana liƙa ƙwai a jikin wake, tsutsar ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta sake haihuwa. Shi ya sa buhun da kika gani lafiya lau a Nuwamba ya zama gari a Fabrairu, zuriya uku ko huɗu ce ta ci ta tashi a ciki.

Ki nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma saboda wake aka fara yin sa. Ana samun sa a shagunan kayan noma a Zariya da Kano da Funtuwa, har Maraɗi. In aka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar cikin 'yan kwanaki, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Babu ɗigon magani.

Sai dai akwai ƙa'ida, kuma a nan mutane ke kuskure su dawo su ce buhun ƙarya ne. Waken ya bushe ƙarau tukuna. Ki ciza ki ji ya ce ƙas. In kina son tabbaci, ki zuba busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ki ƙara waken, ki rufe ki girgiza ki bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. Ki sheƙe shi ki tsince tsakuwa da guntun kwanso, su ne ke huda leda. Kafin ki zuba, ki hura wa kowace leda iska ki matse bakin ki saurara ko tana tsiyaya. Kada ki zuba wake da zafin rana a jikinsa, ki bari ya huce a inuwa. Ki matse iskar saman, ki murɗa bakin ledar ciki ki lanƙwasa ki ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗauri uku daban-daban. Ki ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, saboda ɓera shi ne babban abokin gabar wannan buhu. Kuma ba a buɗewa kullum don a ɗebi na alala. In kin lallaɓa shi zai yi miki kaka uku.

Na cin yau da gobe ki zuba a jarkar man gyaɗa da aka wanke ta bushe sarai. Ki cika ta maƙil, ki bubbuga gindinta a ƙasa ki ƙara, ki sa leda a baki ki murɗa murfin tam. Jarka mai rabi ba ta aiki, iskar ciki ta ishi ƙwaro rayuwa. Iyayenmu toka suke tankaɗewa su gauraya da wake, mudu da mudu, a tulu, su rufe saman da wata tokar, kuma yana yi, musamman ga iri. Mai firiza da wuta tsayayya yana iya sa 'yan mudu a ciki na mako guda. Duk waɗannan babu wanda zai sa ki kwana kina tunanin yara.

Ga masu sayar da wake da ke karanta wannan shafi kuwa, ku ji tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji laima a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Laimar ruwan sama ce fa kawai aka ɓoye. To yaya wanda ya san ya feshe wake da guba, ya ware na gidansa daban, ya auna wa mai ƙosai da mai ɗanwake da makarantar kwana? Na san masu yin haka, na kuma gaya musu a idonsu. Kuɗin buhun PICS bai kai hasarar buhu ɗaya na wake ba, balle ran ɗan mutum.

Malama, ranar Asabar ɗin nan ki fara da roro. Buhu biyu na PICS da jarka ɗaya sun ishe ki. In kuma akwai sauran kwalba ko gwangwanin ƙwaya da aka riga aka kawo miki gida, ki fitar da shi daga ɗakin nan yau, ki kulle shi inda hannun yaro ba ya kaiwa kuma ruwa ba ya taɓawa. Allah ya sa albarka a amfanin, ya raya yaran.