Gwajin kwamfaila ta hanyar fayil: me ya kamata a duba?

Tambaya: Ina rubuta ƙaramar kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shirin da mutum ya rubuta zuwa umarnin da kwamfuta ke ganewa, kuma na kai ga sashen da ke fitar da umarnin na'ura. Nakan adana duk abin da ta fitar a fayil, in riƙa kwatantawa da sabon sakamako, amma da zarar na taɓa tsarin rabon rajista (ƙananan ma'adanan da ke cikin firosesa) sai gwaje-gwajen duka su faɗi, alhali babu kuskure. Ina mafita?

Amsa: Malam, matsalar tana cikin abin da ka ɗora wa gwajin ya tsare. Wanda ya kwatanta sakamako gaba ɗaya ya ɗaure kansa da kowace rajista da kowane jerin umarni, alhali yawancinsu zaɓi ne da kwamfaila ke da 'yancin sauyawa ba tare da ma'anar shirin ta canza ba.

Dubi yadda ake yi a LLVM, aikin gina kwamfaila da aka faro a Jami'ar Illinois a shekarar 2000. Kowane gwaji fayil guda ne, sau da yawa mai ƙarewa da .ll, wanda ke ɗauke da abubuwa uku: shirin da za a fassara, layin RUN da ke faɗin yadda za a gudanar da shi, da layukan CHECK da ke bayyana abin da ake sa ran gani. Manhajar lit ce ke bin fayilolin tana aiwatar da layin RUN, wanda a gwajin wannan sashe galibi yakan kira llc, mai fitar da umarnin na'ura, ya miƙa abin da ya fitar ga manhajar FileCheck, ita kuma ta nemi layukan CHECK bi da bi.

A ce kana so ka tabbatar da cewa ninka lamba da 8 a kan firosesa mai tsarin AArch64 yana komawa gusa bit uku zuwa hagu. Sai ka sa CHECK-LABEL da sunan aikin (function) da ke cikin shirin domin kada binciken ya zarce cikin na gaba, ka sa CHECK-NOT a kan mul (umarnin ninkawa) don kada ya bayyana, sannan CHECK a kan lsl (umarnin gusa bit zuwa hagu). Ba sai ka ambaci sunan rajista kamar x0 ko x8 ba, domin FileCheck tana ba da damar kama sunan rajista a cikin wani suna naka, ka sake amfani da shi a layin ƙasa, ta yadda za ka tabbatar da cewa rajistar da aka rubuta ita ce aka karanta, ko wacce ce ita. Idan jerin umarni biyu bai dame ka ba, CHECK-DAG ya wadatar. Idan dole su biyo juna, CHECK-NEXT ne. Amma ka yi hattara da CHECK-NOT, domin tsakanin layin da ya gabace shi da wanda ya biyo shi kawai yake dubawa, kuma nan ne mutane da yawa ke samun gwajin da ba ya taɓa faɗuwa. Saboda haka ka lalata kwamfailar da gangan sau ɗaya, ka ga gwajin ya faɗi, kafin ka amince da shi.

Kwatanta sakamako gaba ɗaya yana da wurinsa. LLVM na da update_llc_test_checks.py da ke sake rubuta layukan CHECK da kansa, Cranelift kuma, wata manhajar fitar da umarnin na'ura, na da precise-output a fayilolinsa na .clif. Amfaninsu shi ne kowane sauyi yakan fito fili ga mai bita. Sai dai idan aka saba sabunta su ba tare da karanta bambancin ba, to kuskuren kansa za a adana a matsayin daidai.

Abu na ƙarshe, kuma a ganina ya fi sauran nauyi: duba rubutun umarni ba ya tabbatar da cewa shirin yana ba da amsa daidai. Cranelift na da test run, inda ake fassara aikin, a gudanar da shi da wasu lambobi, a kwatanta amsar da wadda aka rubuta a fayil. Ka yi wa kwamfailarka irin wannan, ka haɗa da sifili, da lambobi ƙasa da sifili, da mafi girman lambar da rajista ke iya ɗauka, domin a lambobi ƙasa da sifili, alal misali, gusa bit zuwa dama da raba lamba sukan saɓa.