Ɗaukar ƙarar ƙarfe ba tare da an ƙona lasifika ba

Ka ce ɗaliban da za mu haɗa wa sauti durom da kwanon rufi za su daka, su kunna giranda, injin yankan ƙarfe, a kan dandali, kuma da ka kara makirufo sai lasifika ta kama kuka. Kayanmu lafiya lau, yaro. Wasan ma daɗaɗɗe ne, ƙungiyar Einstürzende Neubauten ta Jamus tun 1980 take kiɗa da tarkacen ƙarfe da injin huda.

Makirufon waƙa iska yake saurare, yana jin lasifika ya mayar mata da abin da ta fitar, shi ne kukan. Kai faifan fiyezo kake so, ɗan faifan tagullar nan mai faɗin milimita 27, wanda girgizar jikin ƙarfe yake ɗauka. Wayar tsakiya ka ɗora ta kan farin da ke tsakiyarsa, ta garkuwa, wato wadda ta kewaye ta tsakiyar, kan tagullar. Dalma ta taɓa ka ɗauke hannu, in ka daɗe farin zai ƙone. Ka rufe mahaɗar da gam mai haɗi biyu, don gam na kyandir saki yake in rana ta gasa ƙarfe, ka san zafin Sakkwato a Afrilu. Ka matse faifan kusa da gefen kwanon, nesa da inda sanda ke sauka, dukan kai tsaye na tsaga shi.

Inda yawanci ake faɗuwa shi ne a soka shi kai tsaye cikin mikisa, na'urar haɗa sautuka. Faifan na son mashiga mai ƙarfin tare wutar lantarki kamar om (ma'aunin wannan tarewa) miliyan 1, ta mikisa kuwa wajen dubu 10 ce, sai kaurin sautin ya zube, a bar ka da ƙara siririya mai tsire kunne. Ka sa akwatin DI (mai daidaita siginar faifan da mashigar mikisa) mai aiki da wuta a tsakani, wayar faifan ta zama gajera. Ka daidaita matakin sauti da duka mafi ƙarfi, ba da shafa ba, sannan ka sa limita, mai hana sauti wuce iyaka, kafin amfilifaya. Jar fitilar amfilifaya in ta zauna a kunne, tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, ce za ta fara ƙonewa. Kwanon kuma kada ya jingina da babbar lasifika, shi ma yana iya kama kuka.

Giranda a ba ta layin wuta nata daban, in da hali janareta daban, in ba haka ba gurnaninta zai shigo mikisa. Tartsatsi ya fuskanci bango, babu labule, babu jarkar fetur, bokitin yashi a kusa, mai riƙe ta da tabarau.

Ka sa matoshin kunne tun wajen gwaji. A desibel 85 kunne na jure awa 8, a 100 minti 15 ne kawai.