Wai ana zuzuta 'yan Super Eagles fiye da kima?

Ɗan uwa ka tambaya ko 'yan Super Eagles sun kai yadda ake kambama su ko suna ne kawai. Ni a ganina yaran nan sun iya ƙwallo wallahi, matsalar ba a ƙafarsu take ba. Osimhen ya ci ƙwallo 26 a Serie A ya ɗaukar wa Napoli kofi a 2023, Lookman kuma shi kaɗai ya zura uku a ragar Leverkusen a wasan ƙarshe na Europa 2024, a gidan kallon ƙauyenmu nan wajen Ringim har benci aka karya ranar don murna, janareta na ƙara ba mai jin ta. Wannan ba zuzutawa ba ce.

Amma in sun sa koriyar riga sai ka ga kowa na nasa, ba mai raba ƙwallo a tsakiya, sai dai a cilla wa Osimhen doguwa ya yi ta gudu shi kaɗai kamar mai korar awaki daga gona. Haka Ghana ta hana mu zuwa kofin duniya na 2022 a Abuja, haka Kodebuwa ta farke mana ta ci 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2024 bayan mu muka fara ci. Abin ya yi min ciwo, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ka tuna 2013 da marigayi koci Keshi ya ɗauko kofin Afirka, Sunday Mba da ya ci mana a wasan ƙarshe a nan gida yake buga ƙwallonsa, ko Turai bai je ba lokacin.