Amsa kan ɓacewar fayil ɗin log na rumbun SQL Server

Malam, ka ce an goge fayil ɗin .ldf (wato log, inda SQL Server ke rubuta kowane canjin da aka yi wa bayanai) bisa kuskure, yanzu rumbun bayananka yana nuna RECOVERY_PENDING (wato ya kasa fara farfaɗo da kansa) ya ƙi buɗuwa. Kafin ka taɓa komai, ka kwafi fayil ɗin .mdf (babban fayil ɗin da bayanan ke ciki) ka ajiye shi a wani faifai daban, kuma kada ka cire rumbun daga sabar, domin idan ka cire shi a wannan hali mai yiwuwa ya ƙi komawa.

Idan kana da kwafin ajiya na kwanan nan, maido da shi ya fi duk wata dabara. Dalili kuwa shi ne SQL Server yana rubuta kowane canji a log kafin ya kai shi ga fayil ɗin bayanai, saboda haka idan na'urar ta mutu ana tsakiyar aiki, log ne kaɗai ya san abin da za a kammala da wanda za a janye. Da an rufe rumbun lafiya, umarnin FOR ATTACH_REBUILD_LOG zai ƙirƙiri sabon log cikin sauƙi.

In babu kwafi, sai ka sa rumbun a yanayin EMERGENCY (na gaggawa) da SINGLE_USER (mutum ɗaya kaɗai ke iya shiga), sannan ka gudanar da DBCC CHECKDB (umarnin duba lafiyar rumbun) tare da REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS (wato gyara ko da za a rasa wasu bayanai). Sunan umarnin ba wasa ba ne: rumbun zai iya buɗuwa alhali an cire kuɗi daga wani asusu ba su shiga ɗayan ba. Bayan haka ka gudanar da DBCC CHECKCONSTRAINTS (mai gano bayanan da suka saɓa ƙa'idojin teburorin), ka duba teburorin da ake rubutu a kansu lokacin da abin ya faru, sannan ka ɗauki cikakken kwafin ajiya.