Bayanin da ɗan aike zai karanta

Ɗana, jiya da muka tashi aiki ka tare ni a bakin ƙofa ka ce: "Maigida, na haɗa wa ɗan aiken nan na ƙirƙirarriyar basira kayan aiki guda shida, kowanne yana tafiya lafiya lau in na gwada shi da hannuna. Yaya zan gane ko bayanin da na rubuta a kansu ya yi?" Magariba ta kawo jiki, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba.

Ka fara sa wannan a ranka: ɗan aiken, wato tsarin kwamfutar da ke karɓar buƙatar mutum ya zaɓi kayan aikin da zai biya ta (kamar mai tura kuɗi ko mai neman abokin ciniki), ba ya ganin cikin manhajarka. Kafin ya zaɓi kayan aiki, abu uku ne ke isa gare shi, sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta, da guraben da zai cike. Haka kamfanin OpenAI ya tsara tun 2023, haka kuma abin yake a MCP, ƙa'idar haɗa ɗan aike da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Kai da ka gina abin, duk inda bayani ya yi giɓi kanka ne ke cikewa ba ka ma lura ba. Shi kuwa baƙo ne, abin da ka rubuta masa shi ne idonsa.

Da safen nan na buɗe bayanin kayan aikinka mai tura kuɗi. A gurbin kuɗin ka rubuta "adadi: yawan kuɗin da za a tura", shi ke nan. To, ga wata baiwar Allah a kasuwar Katako ta ce a tura wa ƙanenta dala ɗari. Ni da kai mun san 500 take nufi, domin dala a bakinmu sefa 5 ce. Ɗan aiken zai iya rubuta 100, ko ma ya zaci dalar Amurka ce. In ta ce jika biyu fa, 2 zai sa ko 2000? Ga kuma wani tarkon: tsarin biyan kuɗi da yawa na ƙasashen waje da ƙaramin kuɗi suke lissafi, 100 a wurinsu dalar Amurka guda ce, alhali sefa ba ta da wannan rabon. Don haka ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa adadin a sefa ne, cikakkiyar lamba ba waƙafi, dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1000, ka ɗora misali guda. Ka kuma faɗa masa kuɗin da ya fita ba ya dawowa, sai ya maimaita wa mutum lamba da adadi ya ji amincewarsa tukuna.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Na yi wa wani kamfanin motoci aikin yankar tikitin Yamai zuwa Tawa, na bar gurbin kwanan wata ba bayani. Mutum ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, yadda muka saba, ɗan aike ya karanta shi irin na Amurka, 4 ga Maris. Laifina ne, har yau ina jin nauyinsa. Tun daga nan shekara nake sawa farko, sai wata, sai rana, da misali a gefe.

Biyu daga cikin kayanka kuma sun yi kama: mai neman abokin ciniki da suna, da mai nemansa da lambar waya. Ka sa bayanin kowanne ya faɗi lokacin da ba shi ya dace ba, ya nuna ɗan'uwansa.

Amma kyan bayani ba a gane shi da kallo. Ka ɗauki bayanan shida, ba tare da manhajar ba, ka ba yarinyar nan da ta zo koyon aiki daga jami'ar Abdou Moumouni. Ka karanta mata buƙatu goma, ta faɗi wanne za ta ɗauka da abin da za ta cike. Duk inda ta ɗago kai ta tambaye ka, nan ne ramin.

Sannan ka rubuta buƙatu kamar talatin yadda mutane ke magana da gaske, Hausa da Zabarmanci da Faransanci a gauraye, har da masu kuskuren rubutu. Ka sa waɗanda ba su buƙatar kowane kayan aiki, da waɗanda bayaninsu bai cika ba, ka ga ko ɗan aiken zai tambaya ko zai ƙago. Kowace buƙata ka gwada ta sau da yawa, domin ba kullum yake amsa iri ɗaya ba. Ka ƙidaya sau nawa ya ɗauki wanda ya dace, sau nawa ya cike daidai. Ka ɓoye goma daga ciki kada ka taɓa su sai ka gama gyara, in ba haka ba jarrabawar za ka koya masa, ba aikin ba.

Saƙon kuskurenka ma bayani ne. "Kuskure 400" ba ya koya masa komai. Ka ce masa lambar wayar Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, shi kuma 7 ya turo, sai ya gyara da kansa.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da buƙatun talatin a rubuce, mu fara da na tura kuɗi.